Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi, malamin da ya tsara ilimin Aljabru wal Muƙabala

  

Ya ƴan uwa Musulmi, sau da dama mun halarci zaman rabon gado inda magada suka taru, malami ya san hukunci sarai, ya san wa ke da rabi wa ke da sumuni, amma da aka zo kan lissafi sai magana ta tsaya, domin akwai bashi a cikin dukiyar, ga wasiyya, ga gona da ba a auna ba. A wani ɓangaren kuma ƴaƴanmu na makarantun boko suna kokawa da darasin aljebra, suna tambayar amfaninsa, wasunsu ma suna ɗaukar sa kayan Turawa da ba ruwansa da Musulmi. Waɗannan matsaloli biyu sun haɗu a rayuwar mutum ɗaya, shi ne wanda za mu kawo tarihinsa a yau.

Sunansa da asalinsa

Sunansa Muhammadu ɗan Musa, ana yi masa laƙabi da Al-Khawarizmi saboda jingina shi ga ƙasar Khawarizm. Wannan ƙasa tana kudu da tekun Aral, a inda kogin Jaihun yake ƙarewa, kogin da a yau ake kira Amu Darya. Yanzu yankin ya rabu tsakanin ƙasashen Uzbekistan da Turkumenistan, kuma tsohon birnin Khiva yana cikinsa. Musulunci ya kafu a can bayan Ƙutaiba ɗan Muslim ya buɗe ta a shekara ta 93 bayan Hijira. Ƙasa ce da ta fitar da manyan malamai daga baya, kamar Al-Biruni da Zamakhshari mai tafsirin Kashshaf.

An haife shi wajajen shekara ta 164 bayan Hijira, daidai da 780 Miladiyya, ya kuma yi rayuwarsa ta ilimi a Bagadaza. Ke nan tsaran Imamu Ahmad ɗan Hambali ne, gari ɗaya kuma ya haɗa su. Imamu Shafi'i ya rasu a shekara ta 204 lokacin Al-Khawarizmi yana cikin ƙarfinsa, Imamu Buhari kuwa a lokacin yana ɗan shekara 10. Mun kawo waɗannan sunaye ne domin mai karatu ya gane cewa ƙarnin da aka tattara hadisi aka kuma tsara fiƙihu, a cikinsa ne aka tsara wannan lissafi.

Bagadaza a zamaninsa

Halifa Mansur ne ya kafa Bagadaza a shekara ta 145, wato 762. Kafin a cika shekara 50 ta zama matattarar malamai da fatake daga gabas da yamma. Sana'ar yin takarda ta iso birnin, littafi ya yi sauƙin samu fiye da zamanin da ake rubutu a kan fata. Halifofin Abbasiyawa suka sa aka riƙa fassara littattafan Yunanawa da Farisawa da mutanen Hindu zuwa Larabci, a fannonin likitanci da lissafi da ilimin falaki. Taskar da ake ajiye waɗannan littattafai ita ce ta shahara da sunan Baitul Hikima. Ibnu Nadim, mai littafin Fihirisa, ya ambaci Al-Khawarizmi a matsayin wanda ya lazimci wannan taska a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 198 zuwa 218, wato 813 zuwa 833.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba cewa Ma'amun ɗin nan shi ne ya buɗe ƙofar fitinar nan ta cewa Alƙur'ani halitta ne, wadda Imamu Ahmad ya sha ɗauri da bulala a kanta a hannun magajinsa Mu'utasim. Wannan kuskure ne babba, malaman Sunna kuma sun bayyana shi. Sai dai adalci ya hana mu jefar da alherin da aka yi a zamanin saboda sharrin da aka yi a cikinsa. Malaman da suka yi tsaye a kan aƙida ingantacciya ba su hana mutane koyon lissafi ba, kuma almajiransu sun yi amfani da shi a babin gado.

Littafin da ya ɗaukaka sunansa

A cikin shekarun mulkin Ma'amun ya rubuta littafinsa mai suna Al-Kitabul Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. A gabatarwa, bayan yabon Allah da salati ga Manzo, ya bayyana cewa Halifa ne ya ƙarfafa masa gwiwa, kuma manufarsa ita ce ya tattara abin da mutane ke bukata na lissafi a cikin gadonsu da wasiyyoyinsu da rabon dukiya da shari'o'insu da kasuwancinsu, da awon filaye da haƙar hanyoyin ruwa.

Kafin zuwansa mutanen Babila sun warware irin waɗannan matsaloli, haka Yunanawa, haka malamin Hindu Brahmagupta. Abin da Al-Khawarizmi ya yi shi ne ya ware abin ya zama fanni mai zaman kansa, mai suna da kalmomi da babi-babi. Ya fara da ƙa'idoji, ya kawo hujjar kowace ƙa'ida, sannan ya bi da misalai, kamar yadda ake tsara littafin nahawu ko na usulu. Ibnu Haldun a Muƙaddimarsa ya sanya shi farkon wanda ya yi rubutu a wannan fanni.

Ya gina lissafin a kan abubuwa 3. Na farko jizri, wato saiwa, shi ne adadin da ake nema ba a san shi ba, wani lokaci kuma yana kiran sa shai'u, wato abu. Na biyu mal, wato dukiya, shi ne abin da ake samu idan an buga jizri a cikin kansa, kamar yadda 3 sau 3 ke ba da 9. Na uku adadi tsura, wanda yakan ƙidaya da dirhami. Abin da ɗalibi ke rubutawa x a allo yau shi ne jizri, x² kuwa shi ne mal. Shi bai yi amfani da alama ko ɗaya ba, komai da jimloli ya rubuta shi, har lambobin ma da sunayensu.

Ma'anar jabru da muƙabala

Ɗalibin fiƙihu ya san kalmar jabira a babin alwala, wato abin da ake ɗaurewa a kan karaya a yi shafa a kansa. Ya kuma san cewa sujadar ƙabli da ba'adi tana gyara naƙasar salla. Jabru ke nan, ɗori, mai da abin da ya karye ya koma cikakke. A lissafi, a ɗauka mu'adala kamar sikeli ce mai gefe biyu da suka yi daidai. Idan an tauye wani abu a gefe ɗaya, sai a mayar da shi a cike gurbin, a ƙara kwatankwacinsa a ɗaya gefen don kada sikeli ya karkata. Misali, idan mal da aka ɗebe masa jizri 3 ya yi daidai da 10, sai a ɗora karayar, ya zama mal ya yi daidai da jizri 3 da 10.

Muƙabala kuwa mun saba jin ta a wajen malamai biyu da suka zauna gaba da gaba kowa na kawo hujja. A lissafi ma fuskantarwa ce. Ana duban abin da yake jinsi ɗaya a gefen nan da gefen can, a zubar da abin da suka yi tarayya a kai. Idan mal da dirhami 30 sun yi daidai da jizri 10 da dirhami 9, sai a ɗebe 9 a kowane gefe, ya rage mal da dirhami 21 daidai da jizri 10.

Da waɗannan ayyuka biyu ya nuna cewa kowace matsala ta wannan jinsi tana komawa ga ɗayan siffofi 6. Uku masu sauƙi ne, inda jinsi ɗaya ya yi daidai da jinsi ɗaya: mal da jizri, mal da adadi, jizri da adadi. Uku kuma haɗaɗɗu ne: mal da jizri daidai da adadi, mal da adadi daidai da jizri, jizri da adadi daidai da mal. Abin da ya sa suka kai 6 shi ne bai yi aiki da adadin da ke ƙasa da sifiri ba, saboda abin da yake aunawa dirhami ne da faɗin fili, su kuwa ba su zama ƙasa da babu.

Yadda ya warware matsalar

Bari mu bi shahararren misalinsa a sannu. Mal ɗaya da jizri 10 sun yi daidai da dirhami 39. A rubutun yau x² + 10x = 39. Ma'anarsa, wane adadi ne idan an buga shi a cikin kansa, aka tara da ninkinsa 10, zai ba da 39?

A raba adadin jizri biyu, rabin 10 shi ne 5. A buga 5 a cikin kansa, ya ba da 25. A tara 25 da 39, ya zama 64. A nemo saiwar 64, ita ce 8, domin 8 sau 8 ke ba da 64. A ɗebe 5 ɗin nan daga 8, ya rage 3. To jizri shi ne 3, mal kuwa 9. Mai shakka ya gwada: 9 da 30 sun yi 39.

Bai tsaya ga faɗin ƙa'ida ba, sai da ya zana hujjarta yadda ido zai gani. A ƙaddara wani fili murabba'i, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, amma ba mu san awonsa ba. Wannan fili shi ne mal. Jizri 10 kuma a raba su gida biyu, a mai da su tabarmi biyu, kowace faɗinta 5, tsawonta kuwa daidai da gefen filin. A shimfiɗa ɗaya a gabas da filin, ɗaya a kudu. Filin da tabarmin biyu, jimlarsu 39. Wanda ya zana wannan a ƙasa zai ga saura kusurwa ɗaya tal a kudu maso gabas abin ya zama babban murabba'i, kuma wannan kusurwa 5 ce a tsaye 5 a kwance, wato 25. In aka cike ta, babban murabba'in ya zama 64, gefensa 8. Gefen nan kuwa ya ƙunshi gefen ƙaramin filin da faɗin tabarma. A cire 5 na tabarma, saura 3. Wannan ita ce hanyar da har yau ake koyarwa da sunan cika murabba'i, kuma daga gare ta aka ciro ƙa'idar da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa, sau da yawa ba tare da an nuna musu filin da tabarmin ba.

A siffa ta biyu akwai abin lura. Mal da dirhami 21 sun yi daidai da jizri 10. Rabin 10 shi ne 5, bugunsa 25. A nan ɗebewa ake yi, 25 a cire 21 saura 4, saiwarsa 2. In an ɗebe 2 daga 5 a sami 3, in an ƙara a sami 7, kuma duka biyun daidai ne, domin 9 da 21 sun yi 30, haka 49 da 21 sun yi 70. Ya yi bayanin cewa irin wannan tana karɓar amsa biyu, cewa idan bugun rabin ya gaza adadin to matsalar ba ta yiwuwa, idan kuma sun yi daidai to rabin shi ne amsa. Ya kuma koyar cewa in mal ya fi ɗaya ko ya gaza ɗaya, a fara mai da shi ɗaya ta hanyar raba komai ko ninka komai.

Ga misali daga abin da muke gani kullum. Jama'ar unguwa suna son gina ɗakin karatu da tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 6, girmansa kuma murabba'in mita 91. Faɗin shi ne jizri, ke nan mal da jizri 6 sun yi 91. Rabin 6 shi ne 3, bugunsa 9, a tara da 91 ya zama 100, saiwarsa 10, a cire 3 saura 7. Faɗi mita 7, tsawo mita 13.

Babin wasiyya da gado

Bayan ƙa'idoji ya kawo gajeren babi kan ciniki da ijara, da babi kan awon filaye, sannan ya rufe da babin wasiyyoyi, wanda ya ci kusan rabin littafin. Dalili a fili yake. Allah Maɗaukaki da kansa ya yanka rabon magada a Suratun Nisa'i, a aya ta 11 da ta 12 da ta 176, da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi. Sunna ta taƙaita wasiyya ga sulusi, bashi kuma ana fitar da shi kafin rabo. Idan waɗannan suka cakuɗe, ƙidayar yatsu ba ta isa.

Ga matsalar da ya buɗe babin da ita. Mutum ya rasu ya bar ƴaƴa maza 2, ya yi wasiyyar sulusin dukiyarsa ga wani bare. Abin da ya bari a hannu dirhami 10 ne, yana kuma bin ɗaya daga cikin ƴaƴan bashin dirhami 10. Nawa za a lissafa wa ɗan daga bashin a matsayin rabonsa? Al-Khawarizmi ya kira wannan adadi abu. Dukiyar da za a raba ta zama 10 da abu. Mai wasiyya ya ɗauki sulusi, kowane ɗa ma sulusi ya rage masa, wato dirhami 3 da sulusi, da sulusin abu. Rabon ɗan da ake bi bashi kuwa shi ne abun kansa. In aka yi muƙabala, sulusi biyu na abu ya yi daidai da 3 da sulusi, abu ya zama 5. Mai wasiyya ya karɓi 5, ɗan da ba a bin sa ya karɓi 5, wanda ake bi an sauke masa 5, sauran 5 kuma suna nan a wuyansa. Mafi yawan matsalolin gado irin wannan ne, ba sa kaiwa ga mal, amma jabru da muƙabalar da ke warware su su ne dai waɗanda muka gani a sama.

Sauran ayyukansa

Ya rubuta littafi kan lissafi da lambobin Hindu, wato alamomi 9 da sifiri, inda darajar lamba take bin gurbinta. Asalin Larabcinsa ya ɓace, fassarar Latinanci ce ta wanzu. Ya tsara jadawalin falaki mai suna Zijus Sindi Hind, wanda ke nuna tafiyar rana da wata da taurari 5 da aka sani a lokacin. Maslama Al-Majriɗi ya yi masa gyara a Andalus, aka fassara shi zuwa Latinanci a 1126. Ya rubuta Suratul Ardi, inda ya jera matsayin wurare sama da 2,000 na birane da duwatsu da koguna da tekuna, ya kuma gyara kuskuren Batlimus game da tsawon tekun Bahar Rum. Yana da rubuce-rubuce kan usɗurlabi, na'urar auna tsayin rana da taurari, da kan kalandar Yahudawa.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Ya rasu wajajen shekara ta 850 Miladiyya, yana da kimanin shekara 70. Allah Ya jiƙansa. Abu Kamil na Masar ya ɗora a kan aikinsa, sai Al-Karaji, sai Umar Khayyam wanda ya shiga matsalolin da suka haura mal da daraja ɗaya. A Magrib da Andalus aka sami Ibnul Yasamin da Ibnul Banna na Marrakish, da Al-Ƙalasadi wanda ya yi amfani da haruffa a matsayin alamomi.

A shekara ta 1145 wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, ya fassara littafin zuwa Latinanci a ƙasar Sifen, Gerard na Cremona ma ya fassara shi a Ɗulaiɗila. Daga kalmar aljabru aka sami sunan aljebra. Daga sunan Al-Khawarizmi, da harshen Turawa ya lanƙwasa, aka sami kalmar algoritim, wato jerin matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga amsa, wanda a kansa kwamfuta da wayar hannu suke aiki. Akwai kwafin littafin na Larabci a Oxford da aka rubuta a shekara ta 743 bayan Hijira, daga gare shi aka buga shi a Landan a 1831. An kuma sa sunansa ga wani rami a bayan wata.

Abin da ya rage a kanmu

Imamu Gazali a Ihya'u ya lissafa ilimin hisabi cikin farillan kifaya, saboda bukatarsa a mu'amaloli da rabon gado. Ma'anar haka, in gari ya rasa mai iya shi, laifin ya hau kan kowa. A zaurukanmu ana karanta babin fara'ili a ƙarshen Risala da Mukhtasar, amma ɗalibai ƙalilan ne ke zama su ƙware a lissafinsa. Mai cutuwa a ƙarshe ita ce matar mamaci da aka tauye wa sumuninta, ko maraya da aka auna masa gona da ido. Kuskuren lissafi a nan cin haƙƙi ne, ko da babu mugun nufi.

Don haka muna kira ga malaman zaure da na Islamiyya su haɗa darasin gado da darasin lissafi, in ya kama su gayyato malamin lissafi na boko ya zauna da ɗalibansu, babu aibi a ciki. Muna kira ga kwamitocin masallatai su tabbatar kowace unguwa tana da mutum biyu ko uku da suka haɗa sanin hukunci da sanin ƙidaya. Ƴaƴanmu maza da mata da ke fama da aljebra kuwa, su sani gadon gidansu ne ya zagayo ya dawo musu da baƙin tufafi, kuma Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A gabatarwar littafinsa Al-Khawarizmi ya kasa marubuta ilimi gida uku: wanda ya riga kowa gano abu ya bar wa na baya, da wanda ya bayyana abin da magabata suka bari a rufe, da wanda ya tarar da kuskure a littafin wani ya gyara yana mai kyautata wa mai shi zato. Duk ɗalibi zai iya samun gurbi a ɗayan ukun nan.

Ga aikin gida ga ɗalibai. Wani fili tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 4, girmansa murabba'in mita 60. A zana shi a ƙasa da tabarminsa biyu, a cike kusurwar, a fitar da tsawo da faɗi, a kai wa malam ya duba.

Allah Ya gafarta wa Muhammadu ɗan Musa da sauran malaman da suka yi wa al'umma hidima. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga cin haƙƙin marayu da raunana. Allah ne Mafi sani.